Kwalbar da Na Hana Abdu

Zuwa ga Yaya Mamman,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ƙanenka ne, daga gidanmu na Cadawa, inda ni kaɗai na rage.

An cire mini yanar ido a Maradi, an ba ni maganin ɗigawa. Da na kai kwalbar kusa da idona mai lafiya na karanta, sai na gane shi. Dangin kortizon ne, Yaya, maganin nan mai kwantar da kumburi.

Ka tuna kakar da muka samu mulkin kai, ina karatu a lakol, kai kana gona. Baba ya samo irin kwalbar nan a Gazawa don ƙaiƙayin ido. Jan ido ya washe, unguwa ta ji labari, kwalbar ta riƙa yawo gida gida kamar kwalli.

Sai ganyen hatsi ya karce maka ido wajen girbi. Inna ta ɗiga maka. Ka ce mini, "Ya huce, ƙane," ka koma gona. Zafin ne ya kwanta, cutar tana ci a ƙarƙashi. Kafin a gama ɗaurin damma idon ya yi fari fat.

Lokotoron da ya yi mini aiki a Maradi ya ce ni kam maganin ya dace da ni, kumburin aikin yake kwantarwa. A rage shi sannu a hankali, in koma a auna ƙarfin idon, kuma kada in ba kowa.

Tsufa ya sa ba na iya ɗigawa da kaina. Abdu, jikan amininka Illo, shi ke ɗiga mini, shi ke kawo mini tuwo. Yau da safe ya shigo idonsa jawur yana hawaye, ganyen hatsi ya karce shi. Kwalbar na hannunsa ya ce, "Baba, ɗigo ɗaya."

Ka san a garin nan ba a hana maƙwabci magani. Na hana shi. Na ba shi labarinka, na ce ya tafi asibiti a duba. Ya ajiye kwalbar bisa tabarma ya fita.

Azahar ta wuce bai dawo ba. Na gwada da kaina, maganin ya bi kumatu. Ɗazu na ji tashin babur wajen hanyar Agye, mai zuwa asibiti, ban sani ba ko shi ne.

Yayana, Allah ya haskaka kabarinka. Abdu kuwa, in fushi zai yi da ni, Allah ya sa ya yi shi da idonsa biyu.

Ƙanenka,
Issa