Ƙorafi Kan Soke Zaman Laraba na Malamai

Unzia Margaret,
Malamar Aji Huɗu,
Firamaren Oluvu.
8 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Ilimi,
Gundumar Adjumani.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SOKE HORON MALAMAI NA CIKIN MAKARANTA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da ƙorafi a kan Kwamitin Malamai na makarantarmu, wanda ni ma ina cikinsa.

1. Fiye da rabin ɗalibanmu 'ya'yan 'yan gudun hijira ne daga Sudan ta Kudu. Shi ya sa tun bara muka fara zama kowace Laraba bayan an tashi, malamai 'yan gudun hijira suna koya mana gaisuwa da al'adun yaran da muke koyarwa.

2. Ranar 6 ga Maris, Kwamiti ya soke wannan zama ba tare da sanar da ofishinka ba. Ni na kawo shawarar. Na ce, "Shekara goma sha tara ina riƙe da alli, yanzu kuma za a koya mini gaisuwa?" Aka yi dariya. Malam Riek Gatkuoth, ɗan ƙabilar Nuer da ke taimaka mana a aji, ya naɗe takardun da ya shirya.

3. Ranar 18 ga Yuni, wajen duba tsafta, na ga igiya ɗaure a ƙugun Nyajuok Tut, 'yar shekara goma sha ɗaya. Na ɗauka laya ce, doka kuma ta hana. Ta riƙe hannuna tana magana da harshensu, ban gane ba, ban kuma kira mai ganewa ba. Na sa almakashi na yanke a gaban aji.

4. Washegari Malam Riek ya same ni ya ce, "'Yar'uwa, igiyar makoki ce. Uwarta ta rasu watan jiya, dangi ne kaɗai ke cire ta." Ya ce bayanin na cikin takardun da ya naɗe.

5. Yau kwana ashirin Nyajuok ba ta zo makaranta ba. Kawunta ya ƙi karɓar wasiƙata. Wasu yara huɗu daga unguwarsu sun bi sahunta. Kwamiti ya ce na bi doka, a bar maganar. Ranka ya daɗe, na bi doka, amma kullum sai na kira sunanta a rajista.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi a umarci Kwamiti ya dawo da zaman Laraba, Malam Riek ya jagoranta. A kuma turo jami'i ya raka ni gidan kawun yarinyar in ba da haƙuri da bakina. Idan ofishinka ya ga akwai wanda ya cancanci hukunci, kada a wahala da bincike. A fara da ni.

Taka mai biyayya,

Unzia Margaret