Auta, Wannan Ba Ƙanƙararmu Ba Ce

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan saƙo zai same ki lafiya, ƙafafunki biyu a kan ƙasa ta gaske. Mu nan Gyaɗi-Gyaɗi kalau muke, sai zafi. Na rubuta a inda kowa zai gani ne don wayarki ba ta shiga, ko Allah zai sa wani da ya san yadda za a same ki ya karanta.

Kin ce za ku hau dutse ku yi kwana goma babu sabis. Yau kwana goma sha uku. Tsoro nake ji, Auta, ba zan ɓoye miki ba.

Kuma ni na jawo. Ranar da takardar karatunki ta zo, Babanki ya ce ba inda za ki. Da ya tambayi me za ki karanta a ƙasar Turawa, kika ce ƙanƙara, ni kuwa na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa, "Malam, yarinyar da ta tashi a gindin firiza? Ai gadon gida za ta ƙaro mana." Shekara ashirin ina sayar da ƙanƙara. Da azumi masu zoɓo da kunun aya daga Tarauni har Unguwa Uku a ƙofata suke layi. Na ɗauka babu mai gaya mini halinta. A zatona wani ƙaton ɗakin sanyi za ki shiga da farar riga, ki koyo yadda ba za ta narke mana ba in an ɗauke wuta. Sati biyu na yi ina masa naci kafin ya ce Allah Ya kiyaye hanya.

Ana gobe za ku hau kika turo mini hoto. Ga ki 'yar mitsitsiya cikin jar riga, bayanki wani farin abu ya cika tsakanin duwatsu biyu. Da murnata na kai wa Malama Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Filato mai koyar da labarin ƙasa a Daurawa. Ta gyara tabarau ta ce in zauna.

Ta ce kogin ƙanƙara ne. Wai dusar ƙanƙara ke zuba a kan tsauni, ta bara ba ta narke ba ta bana ta hau kanta, haka shekara da shekaru, har nauyin ta sama ya matse ta ƙasa ta zama dunƙule guda, kaurinsa ya fi duk wani bene a Kano. Daga nan sai nauyin ya fara tura ta gangare. Tafiya take yi, Bilkisu! A hankali, yadda ido ba ya kamawa. Tana ɓamɓaro duwatsu ta ja su a ƙarƙashinta, tana kankare ƙasa da su. Ruwan kogi siririyar hanya yake yanka wa kansa, ita kuwa kwarin gaba ɗaya take kwashewa, ta bar shi da faɗi, kamar yadda mara ke kwashe tuwo a tukunya.

Tana magana ina gyaɗa kai, don na san abin. Kin tuna dandamalin ƙofar kicin mai ɗan gangare? In na ajiye dunƙulen ƙanƙara a kai na juya ba da canji, sai in tarar ya sulale a kan ruwansa, yashin da ke ƙarƙashinsa ya karce siminti. Sau nawa na yi miki faɗa wai ke kika ture shi? Ashe shi ke tafiyarsa. Guntun da nake ɗauka da hannu biyu ya ci mana siminti, ina ga wadda ta cinye dutse.

Sai ta faɗi wanda ya hana ni cin abinci. Ta ce in kogin ya bi ta kan tudu, samansa dardarewa yake yi. Wannan ma na sani, ƙanƙara ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi. Amma tsagar taku wai rami ce mai zurfin rijiya, kuma sabuwar dusa kan rufe bakinta, mutum ya ga fili sumul ya taka.

Na ɓoye wa Babanki hoton. Kwana ukun nan kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya tsaya a bakin ɗakina ya ce, "Yarinyar nan ta kira?" In ce matsalar sabis ce. Da bakina na raba shi da ke, yanzu kuma da bakin nan nake masa ƙarya.

Yau na kasa. Na miƙa masa wayar, na gaya masa duk abin da Malama ta ce, ina jiran faɗa. Da ya yi faɗan ma da na samu sauƙi. Ya daɗe yana kallon hoton, sai ya sa yatsa a ƙugunki. Ni duk kallon da na yi ban lura ba: akwai igiya ɗaure a jikinki, ta miƙe ta fice ta gefen hoton. Ya ce lallai a ɗaure kuke tafiya, in ɗaya ya rufta ɗayan ya tare. Sannan ya ce, "Wa ke riƙe da ɗaya bakin?"

Ban sani ba, Auta. Na tambaye ki abin da kike ci, na tambaye ki ko kina samun ruwan ɗumi na alwala, ban taɓa tambayar wannan ba. Ban san sunansa ba, ban san ko mace ce ko namiji ba, ban san yarensa ba. Babanki ya shimfiɗa darduma tun ɗazu, shi yake wa addu'a.

Ya Allah Ka daskarar da duk inda 'yata za ta sa ƙafa. Ya Allah wanda ke ɗaya bakin igiyar nan, ko wane ne, Ka ƙara wa hannunsa ƙarfi, kada Ka bari hankalinsa ya tafi wani wuri. Amin.

In kin sauko, fara kiran Babanki. Ni zan iya jira.

Mahaifiyarki,
Umma