Minti Huɗu a Waya

Greenock, 9 ga Maris

Uwargida Ishbel,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Ya ƙafar Inna Peigi? Tumakin sun fara haihuwa?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Aikin amsa wayar nan da kamfanin wuta ya dawo da shi gida daga Indiya, mu ɗari biyu aka ɗauka, ni kaɗai ne mai furfura. Ga kujera, ga shayi, babu teku.

Sai dai kowane kira minti huɗu aka yanka mana. Kin san ni, a minti huɗu ko gaisuwa ban gama ba. Shekaranjiya wata tsohuwa ta kira, ta ji harshena, ta ce, "Kai ɗan wane ne a tsibirinmu na Barra?" Ashe ta san kakana. Minti ashirin da shida muka yi.

Shugabarmu Shona, sa'ar 'yarmu, ta ce, "Baba Murdo, zumunci aka ɗauke ka yi? Juma'a za mu saurari kiran nan tare." Ranar ce wa'adin gwajina zai cika.

Ina ta koyon katse mutane, bakin ya ƙi.

Ki sa ni a addu'a. In maƙwabcinmu Angus ya zo taya kwalekwalena na kamun kifi, ki ce ya bari Juma'a ta wuce.

Mijinki,
Murdo