Kam Bak

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya yara? Ni lafiya lau, kada ki damu. Ƙafa ce kawai ke ɗan kumbura saboda tsayuwa.

Kin tambaya ko na iya Turanci. Abu ɗaya na iya sosai: kam bak, wato dawo. A gidan tsofaffin da nake aiki akwai wata tsohuwa, kullum na gama shafa mata mai na nufi ƙofa sai ta ce, "Kam bak." Ni kuwa in yi ta komawa. Ashe ba da ni take ba, da ɗanta take, wanda ya ajiye ta ya tafi.

Makon jiya ta rasu. An canja zanen gado, an buɗe taga. Amma duk sanda na wuce ƙofar nan sai in ji ta, kuma yanzu da Hausa, da muryar Inna ranar da ta raka ni mota: "Sai kin dawo." Na ce mata to, Yaya. Har aka binne ta ban dawo ba.

Ki gaida Baba. In ya tambaya, ki ce masa ina tafe.

Ƙanwarki