Tattabara Mai Jan Ido

Katowice, 4 ga Maris

Babana na kaina,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kuna lafiya kai da Mama. Yaya ƙirjin? Mama ta ce ka ajiye maganin tarin wai yana sa ka barcin rana. Ka sha abinka, Baba, barcin rana bai taɓa kashe kowa ba. Ka gaida mini tattabarunka, har da gurguwar nan da ka ƙi rabuwa da ita.

Kullum kana tambayata wai me nake yi a kamfanin nan har ake biyana. To yau ka ji, don raina a ɓace yake. Muna tallata wasannin kwamfuta na ƙananan masu ƙirƙira, mutum ɗaya ko biyu da suka haɗa abinsu a ɗaki. A kasuwar intanet kowane wasa ɗan hoto ɗaya gare shi, bai fi kwalin ashana ba, sai layi uku na bayani. Mai saye wucewa yake yi da yatsa, daƙiƙa biyu kawai zai ba ka. Aikina in duba hoton da layukan in ce sun yi ko ba su yi ba.

Akwai wani mutumin garin Bytom, Kosma, da ya yi shekara huɗu yana haɗa wasa a kan tsohon mahaƙin kwal mai kiwon tattabarun tsere. Ba bindiga, ba jini. Ka ba su hatsi, ka kai su nesa ka saki, ka dawo gida ka tsaya kana kallon sama. Na buga shi har na yi hawaye, ba zan ɓoye maka ba.

Sai dai hoton da ya kawo, kai! Ya zana gari sukutum, da rufin gidaje, da tattabaru arba'in, da faɗuwar rana. A babban allo kyakkyawa ne. Da na ƙanƙance shi, sai ya koma kamar dattin miya a jikin riga. Duk masu zanen nan haka suke, suna manta girman da za a ga abin. Na gaya masa gaskiya, ya karɓa.

Shi ne maigidanmu Pan Olgierd ya sa aka zana wani: tattabara da jajayen idanu, jini a baki, baƙin rami a bayanta. Layin farko ma da kansa ya rubuta, wai "A ƙarƙashin Bytom, wani abu ya farka." Baba, babu abin da ke farkawa a wasan nan sai tsoho, shi ma don ya ɗora shayi. Ya ce in ƙarasa sauran layukan kafin Juma'a. Na ce hannuna ba zai rubuta ba.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Dobrawa

Katowice, 13 ga Maris

Baba,

Wasiƙarka ta iso, na gode. Na ji daɗi da ka koma shan maganin. Yaya ƙafar Mama da sanyin nan?

Ka ce in kama bakina in riƙe aikina, ka yi shekara ashirin da bakwai a ƙarƙashin ƙasa kana haƙar kwal ba ka mayar wa kowa magana ba. Na sani, Baba. Ina jin ladan shirun nan a ƙirjinka duk lokacin da muka yi waya. Ka yi haƙuri, ni ba zan iya ba.

Na zauna da Ludka mai zanenmu muka yi hoto na uku: hannun tsoho ɗaya, mai shuɗin tabon kwal a bayansa, riƙe da farar tattabara. Launi biyu, manyan haruffa. Ko daga bakin ƙofa ka hango shi ka san mene ne.

Muna da al'ada a ofis. Ana buga hotunan ƙanana, a manna a jikin firijin kicin cikin wasu ashirin na wasannin mutane. Duk wanda ya shigo haɗa kofi sai a ba shi daƙiƙa uku ya kalla, ya juya baya, ya faɗi wanda ya tsaya masa a rai. Mai jan ido ta ci sha huɗu. Namu mai hannun tsoho ya ci biyar. Zanen Kosma ko ɗaya, har wani ya sa yatsa zai goge shi.

Pan Olgierd sai murna, yana kirana Malamar Gaskiya, wai in je coci in yi wa'azi tunda firiji ya yanke hukunci. Ni kuwa na bi mutum sha huɗun nan ɗaya bayan ɗaya na tambaye su me suke zaton za su yi a cikin wasan. Harbi, in ji wannan. Gudun ceton rai, in ji wancan. Ko mutum ɗaya bai ce kiwo ba.

Ka ga inda matsalar take? Wanda ya saya don jini, ya tarar da hatsi, mayar da wasan zai yi a ba shi kuɗinsa, sannan ya rubuta zagi a ƙasan shafin. Zagin satin farko ba ya gogewa. Shekara huɗun Kosma za su mutu cikin kwana bakwai, mu kuma mu wuce wasa na gaba. Na faɗa wa Pan Olgierd haka. Ya ce, "Ke aikinki ki sa su danna. Abin da suka tarar a ciki ba ruwanki."

A yarjejeniyar, Kosma ne mai maganar ƙarshe a kan hoto. Ranar Talata zai zo, kuma hoto ɗaya za a nuna masa, mai jan ido. An gaya mini in na fito da namu, in tattara kayana. Ina tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma hoton yana cikin aljihun rigar da zan sa.

Ka gaida Mama.
Dobrawa

Katowice, 2 ga Afrilu

Babana,

Gaisuwa mai yawa gare ku. Ina fata tarin ya yi sauƙi da ɗumin da aka fara. Ka yafe mini shirun, na so ne in ga ƙarshen abin kafin in rubuto.

Kosma ya zo da kek ɗin cuku a kwali, yana ta gumi, yana gode wa kowa har da wanda bai san shi ba. Pan Olgierd ya ajiye masa mai jan ido, ya yi ta zuba. Da ya tsaya shan ruwa, na ciro namu na ajiye a gefe. Ban yi wa Kosma daɗin baki ba. Na ce masa namu ya sha kaye a firiji, kuma masu dannawa za su ragu, amma wanda ya shiga zai tarar da abin da aka ce masa. Pan Olgierd ya ce in an ɗauki hoton hannun, kamfani ba zai kashe ko zloti ɗaya a talla ba.

Kosma ya dubi hotunan biyu. Sannan ya ɗora yatsa a kan mai jan ido ya ce, a hankali, "Wannan wasan ban san wanda ya yi shi ba. Ni ba shi na yi ba."

Wasan ya fita da hoton hannun, kwana tara ke nan. Ba a yi rububinsa ba, Baba. Mutum ɗari uku da 'yan kai suka saya, biyu suka mayar. Wata mata ta rubuta cewa ta saya don ta yi kiwon tattabaru, kuma ta yi. Ko hakan zai ciyar da Kosma, ban sani ba, kuma abin yana damuna ƙwarai.

Jiya Pan Olgierd ya kira ni. Wai shi mai tausayi ne, zan iya zama a aikina in na ba da haƙuri a gaban ma'aikata. Na ce to. Aka taru a kicin, kowa da kofinsa, ana ta sunkuyar da kai. Na tsaya na ce ina ba da haƙuri a kan abu ɗaya: wasanni shida na bari suka fita da hoton ƙarya kafin wannan, ina gani na yi shiru. Na lissafa sunayensu duka shida, na ajiye makullin ofis a kan tebur na fito.

Ranar Asabar zan zo a jirgin ƙasa na safe. Ka ce wa Mama ta ɗora romon kaza. Faɗan da za ka yi mini kuma ka bari sai na ci na ƙoshi, don ba zan ce na yi kuskure ba.

'Yarka mai ƙaunarka,
Dobrawa