Na Kai Babana Kongo Bai Sani Ba

Goggo Mubina, assalamu alaikum. Don Allah ki agaza mini da shawara, kuma da gaggawa, domin kwana tara kacal suka rage mini. Na yi wa mahaifina ɓarnar da har yanzu bai san da ita ba, yana ma ta sa mini albarka a kanta. Duk albarkar da ya sa, sai in ji kamar in nutse ƙasa.

Ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Aliero, inda nake aure. Baba yana Jega. Shekara arba'in ya yi yana gyaran rediyo a kasuwa, amma abin da ya ɗauke masa hankali wata rediyo ce daban, ba ta sauraren labarai ba. Irin wadda mutum ke yankar lasisi, a ba shi lambar kira tasa, ya kafa eriya a gida, ya riƙa magana da ire-irensa na wasu ƙasashe. Tun muna yara akwai gora biyu dogaye a gidanmu da waya a tsakaninsu, Inna har shanya ta taɓa yi a kai, aka yi kwana uku ba a ga dariyar Baba ba. Mutanen gari kuwa ba irin tsiyar da ba su yi masa ba. Mahautan da ke kusa da rumfarsa suka sa masa Mai Hira Da Iska, in ya zo wucewa su tambaye shi ko mutanen sama sun tashi lafiya. Dariya yake yi, amma ni ɗiyarsa ce, na san abin yana ci masa rai.

Shekara uku ke nan hawan jinin ido ya taɓa shi. Yanzu haske kawai yake bambancewa da duhu. Kunne dai ras, hannu kuma ya san kowane maɓalli, sai dai rubutu ya gagara. To a wannan harka duk wanda ka yi magana da shi sai ka shigar da shi kundi: lokaci, lambar kiransa, da inda yake. Shi ya sa duk Asabar nake hawa mota in je Jega in zauna gefensa, yana magana ina rubutawa. Da farko don tausayi nake zuwa. Daga baya, ba zan ɓoye miki ba, ni ma abin ya shiga raina.

Ki yi haƙuri in ɗan yi miki darasi, sana'a ce ta bi jiki. Masu wannan rediyo ba sa cewa ga sunan garinmu, don wa ya san Jega a Italiya? Sai aka yanka taswirar duniya fangali-fangali kamar gonar albasa, kowane fangali da alamarsa ta haruffa da lambobi. Da ka san alamar mutum ka san taka, lissafi zai ba ka nisan da ke tsakaninku. Tamu ta Jega ita ce JK22EF. Baba kan ce Allah ne ya so mu da sauƙi, J ta Jega, K ta Kebbi, ko jariri ba zai manta ba.

Bana ya ce zai shiga wata gasa da wata ƙaramar ƙungiyar dattawan rediyo ta ƙasar waje ke shiryawa. Ƙa'idar ita ce kowace kilomita maki ɗaya, wanda muryarsa ta fi tara nisa shi ya ci. Muka yi wuni biyu muna abu ɗaya, batir na shan rana, Baba na shan ruwan zafi don murya. Mutum ɗari da sittin da uku muka samu. A iska kuwa daidai yake faɗin alamarsa, ban ji ya yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da aka gama na koma Aliero na zuba komai a kwamfuta. A saman fom ɗin akwai gurbin da za ka sa alamar tasharka, daga ita na'ura ke auna nisan kowa. Goggo, shekara goma sha ɗaya ina cika wa ɗalibai fom ɗin jarrabawa, kullum jiha ce farko sannan ƙaramar hukuma. Kebbi, Jega. Kebbi, Jega. Yatsuna suka buga KJ, na tura, na tashi na ɗora girki hankalina kwance.

KJ22 ba a Nijeriya take ba ma. Tana can cikin dajin Kongo. Tunda yawancin waɗanda muka samu mutanen Turai ne, kusan kowannensu sai da na ƙara masa kilomita dubu ko fiye. Masu gasar kuma tsofaffi ne masu aiki da yarda, abin da ka rubuta shi suke ɗauka. Bayan wata biyu sakamako ya fito, wai Baba ne na ɗaya a Afirka cikin mutum goma sha ɗaya, har da takardar yabo.

Ban taɓa ganin Baba haka ba. Ya sa aka buga takardar aka sa mata gilashi, aka rataye a zaure. Ba ya ganin ta, amma sai ya tashi ya shafa. Ya sa aka kai shi kasuwa da ita a hammata, ya tsaya gaban mahautan nan ya ce a karanta musu. Sarkin fawa da kansa ya aiko da cinya guda. Masu gyaran rediyo da waya na kasuwa suka ce sai an yi walima, an sa Asabar ta sama.

Ranar Asabar da ta wuce ya ce in karanta masa kundin da na buga daga kwamfuta layi-layi, yana son ya sake jin ƙasashen da nisansu. Ina karantawa yana gyaɗa kai, har na iso kan amininsa, wanda zan kira Malam Yari. Shi ma yana da irin wannan rediyo a Maiyama, kuma sun gaisa a cikin gasar don neman albarka. Jega zuwa Maiyama, in an miƙe, ko kilomita ashirin ba ta cika ba. Takarda ta ce dubu biyu da ɗari huɗu da sittin. Na ɗaga ido na dubi saman shafi, na ga abin da na aikata. Kin san me na yi? Tsallake layin na yi, na ci gaba da na ƙasa, muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ya fi kuskuren kansa damuna, don shi kuskure ban san na yi ba, tsallaken kuwa ina sane.

Na sake lissafin da alamar gaskiya har sau uku. Baba na huɗu ne, kuma na huɗu ba shi da takarda.

Maigidana ya ce in ja bakina in yi shiru. A ganinsa ba wanda aka cuta a Jega, masu gasa sun rufe littafinsu, tsoho kuma mai hawan jini ba a yi masa irin wannan girgiza. Ya ce in bar shi ya more abin da ya jira shekara arba'in. Wallahi wani lokaci sai in ji maganarsa ta zauna mini. Amma na san wanda ya haife ni. Akwai ranar da ya samu wani mutum daga wani tsibiri mai nisan gaske, irin wanda ake shekaru ba a samu ba, sai ƙara ta cinye harafin ƙarshe na lambar mutumin. Ni na ji harafin sarai, na faɗa masa. Ya ce shi ne mai tasha, kuma shi bai ji ba, kada in rubuta. Haka muka bar shi.

Ga kuma Malam Yari. Idonsa garau, mutum ne da har yau da zare yake auna nisa a kan taswira don bai yarda da kwamfuta ba. Ya aiko in buga masa kundin, wai shi zai karanta wa jama'a a wurin walima. Na ce masa injin bugawa ya lalace. Ƙarya ta biyu ke nan.

Goggo, in faɗa wa Baba in karya masa zuciya, in mayar da shi abin dariyar kasuwa da hannuna? Ko in rubuta wa masu gasar a ɓoye? Ko in bi ta maigidana in roƙi Allah ya rufa asiri? Ina tsoron ciwonsa, ina kuma tsoron ya ce daga yau kada in ƙara zama gefensa.

Taki,
Mai Riƙe Wa Baba Alƙalami, Aliero

*

Wa alaikumus salam, ɗiyata.

Sau uku na karanta wasiƙarki kafin fangalin nan naku ya zauna mini a kai, kuma ki yafe mini, sai da na yi dariya da na ga malamar lissafi ta kwashi mahaifinta da gorarsa ta dire a Kongo. Daga nan dariyar ta tsaya, don na ga irin nauyin da kike ɗauke da shi.

Maigidanki ba mugun nufi gare shi ba. Tsoron da yake ji wa lafiyar Baba tsoro ne na gaskiya, kuma mutanen kasuwa ba za su rasa abin faɗa ba. Sai dai ya yi kuskure wuri biyu. Ya ce ba a cuci kowa ba, alhali akwai wani bawan Allah a wata ƙasa da aka ce masa shi ne na biyu, shi ma wataƙila wuni biyu ya yi yana shan ruwan zafi. Rashin sanin fuskarsa bai sauke haƙƙinsa ba. Sannan shirun da yake so ba zai yiwu ba. Mutumin da ke auna duniya da zare ba zai yarda injin bugawa ya shekara a lalace ba. Ko ba jima ko ba daɗe kundin zai shiga hannun Malam Yari, kuma layin garinsu zai fara dubawa, kowa haka yake.

Rubuta wa masu gasa a ɓoye kuwa, kada ki soma. Tashar tasa ce, sunan nasa ne. In kika gyara a bayan idonsa, kin sake yanke hukunci a kan abinsa ba da saninsa ba, ko da niyyarki mai kyau ce.

Ga abin da nake gani. Kada ki jira Asabar. Ki nemi izini a makaranta ki tafi gobe da hantsi, bayan ya karya ya sha maganinsa. Ki sanar da Inna tukuna don ta kasance kusa, amma ke za ki yi maganar, ba ita ba, ba maigidanki ba. Ki fara da cewa kuskuren naki ne, shi bai faɗi ko harafi ɗaya ba daidai ba. Ki gaya masa matsayinsa na gaskiya. Ki kuma gaya masa kin gani tun ranar Asabar kika tsallake, da abin da kika ce wa amininsa. Na san nan ne bakinki zai yi nauyi, amma in kika bar wannan a ciki, rabin kayan kawai kika sauke. Daga nan ki ɗauko alƙalami ki ce ya faɗi abin da za a rubuta wa masu gasa. Mutumin da ya ƙi karɓar harafi ɗaya da kunnensa bai ji ba, ya san yadda ake irin wannan wasiƙa fiye da ni da ke.

Zai ji zafi, kada in ruɗe ki. Zai yiwu ya yi kwanaki ba ya sakar miki fuska. Ki jure, ki ci gaba da zuwa ranar da kika saba, ko da a tsakar gida za ki wuni.

Walima kuma shi zai ce a yi ko a fasa. In ya tambaye ki, ki tuna masa mutum ɗari da sittin da ukun nan ba kwamfuta ce ta ƙirƙiro su ba. Da gora biyu da batir, daga Jega, ya kira suka amsa. Na huɗu a nahiya guda ba abin sunkuyar da kai ba ne. Masu tsiya za su yi ta mako biyu su gaji, cinyar kuma an riga an cinye, ba mai cewa a dawo da ita.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Baba ya rasa idonsa, ya ɗauki naki ya sa a madadinsu. Duk abin da kika ce yana kan takarda, shi ke nan a wurinsa, ba shi da hanyar dubawa. In ya ji daga bakin wani cewa kin taɓa tace masa abin da zai ji, daga ranar ko takardar asibiti kika karanta masa sai ya yi shakka, kuma ba shi da wata ɗiyar da zai koma wa da wannan amana. Takardar yabo ana iya sake cin wata baɗi. Wannan kuwa in ta tsage, ɗinkinta da wuya.

Abu na ƙarshe. Kin sakaya sunaye, amma gida nawa ne a Jega mai irin wannan eriya? Saboda haka na aiko miki da amsar nan ke kaɗai. Wasiƙarki tana cikin aljihun teburina, kuma ba za ta hau wannan shafi ba sai ranar da kika aiko mini cewa Baba ya ji komai daga bakinki, ya kuma yarda a buga.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya tasa, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Ki gaishe mini da shi da kyau.

Goggo Mubina