Kada ka gyara hoton Baba

Yaya Gunadi,

Na tafi kasuwar Bantul sayo kwakwar addu'ar arba'in ɗin Baba.

Ɗazu na haɗa kwamfutarka da sabon allon da wayar HDMI, sai hotuna suka baje, fuskar kowa ta yi faɗi. Na canza waya, a banza. Ashe girman hoton ne bai dace da allon ba, a saiti ake gyarawa.

Na san karambaninka, don Allah kada ka taɓa. Mama ta shigo ta ga Baba da kumatu, kamar kafin ciwo ya cinye shi. Ta shafa allon ta ce, "Lastri, kin ga ya murmure."

Bar mata shi haka yau.

Lastri